Turbo a Ƙarƙashin Bodi: Littafin Aikin Hilux Ɗina

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

Yau ma mun kafe. Buhu goma sha huɗu na riɗi muka ɗauko daga gida za mu kai kasuwar Gujungu. Muna shiga yashin nan na bayan gari, kafin a hau kwalta, motar ta fara nishi a giya biyu. Na mayar da ita ɗaya, ta dinga aman baƙin hayaƙi, allurar zafi ta fara hawa, daga nan ta tsaya cak. Sai da muka sauke buhu shida, masu amalanken shanu suka kama mana turi. Kafin mu isa kasuwa rana ta take, manyan masu sayen riɗi sun gama auna na wasu.

Motar Hilux ce tsohuwa, mai ja da baya kaɗai, injinta 3L na gas, lita 2.8, silinda huɗu, babu turbo. Tun tana sabuwa ƙarfinta doki 90 ne da ɗan ɗoriya. Inji ne mai haƙuri, shekara bakwai ina cin abinci da shi bai taɓa kwana da ni a daji ba, amma in kaya ya yi nauyi numfashi ne ke gaza masa. Baƙin hayaƙin da nake hangowa a madubi gas ne da na saya da tsada yake fita bai ƙone ba, saboda iskar da injin ke shaƙa ba ta isa ta cinye shi ba. Aikin turbo ke nan: hayaƙin salansa ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa wa inji iska da ƙarfi.

Inda aka saba ɗaura shi jikin inji ne, a bakin manifol, ƙarfen da ke tattara hayaƙin silinda ya miƙa wa salansa. Wata biyu ina cigiyar manifol na 2L-T, injin Toyota mai turbo daga kamfani, wanda zai hau kan nawa, ban samu mai lafiya ba. Biyun da aka nuna mini duk sun tsage an liƙe su da walda. Ga kuma zafin ƙasarmu. Ɗakin injin nan a watan Afrilu tanda ne, ba na son in ƙara masa wata wutar. Shi ya sa na yanke shawarar kai turbon baya, ƙarƙashin bodi, gurbin tukunyar salansa. Ba ni na ƙirƙiro ba, a Amurka an daɗe ana yi wa motoci haka, na kalli yadda suke yi a YouTube har na gaji. Na ware naira 350,000 daga kuɗin riɗin bana. In aikin ya nemi wuce haka, zan dakata.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Na yi sammakon Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Duk shagon da na faɗi abin da nake nema, sai a jawo mini ƙaton turbo na Kanta ko na tirela, wai babba shi ne ƙarfi. A jikin inji wataƙila. Amma hayaƙin da ya yi tafiyar kusan mita uku a cikin bututu ya riga ya huce, ya tsuke, ƙarfin turinsa ya ragu. In ka tare shi da babbar katantanwa, wato babban turbo, ba zai iya juya ta ba sai inji yana kururuwa. Ƙarami nake so, mai saurin tashi.

Wajen azahar na samu turbo samfurin TD04 da aka ciro daga injin Mitsubishi 4D56, mai lita 2.5, irin na Pajero da L200. Na zauna a bakin shagon na yi masa duban tsanaki. Na kama ƙusar tsakiyar farfela da yatsu biyu na girgiza: gefe da gefe tana ɗan motsi kaɗan, wannan ba laifi, domin a kan baƙin mai sandar take shawagi, ciki da waje kuwa ko gezau. Na haska fitilar waya na bi fuka-fukan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya gutsure, babu alamar sun taɓa gugar bango. A bakin 'yar ƙofar sakin hayaƙi, wadda ke buɗewa in iska ta yi yawa, akwai tsaga siririya kamar gashi, da ita na rage kuɗi. Mun daidaita a 95,000.

A hanyar dawowa na sauka a Ringim na nuna wa Baba, maigidana da na yi shekara uku a garejinsa kafin in kama tuƙi. Ya jujjuya shi a hannu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kai yaro, injin nan naka tun daga kamfani a matse yake, kashi 22 yake danne iska ta koma ɗaya. Ɗan'uwansa 2L-T da kamfanin da kansa ya sa wa turbo, sau nawa ka taya ni sauke masa tof silinda a fashe? Kada garin neman gira ka rasa ido." Na ce, "Baba, ba gudu nake nema ba, numfashi nake nema mata a cikin yashi." Ya gindaya mini sharaɗi biyu: kada iskar ta wuce 7 a gejin psi, irin ma'aunin masu faci, kuma kada in taɓa injekta sai na ɗaura ma'aunin zafin hayaƙi. Na ce na ji, na kuma ɗauka. Iskar duniya da muke shaƙa nauyinta 14.7 ne a wannan ma'aunin, ke nan 7 ƙarin kusan rabi ne. Ya isa.

Talata, 10 ga Disamba, 2024

Yini guda a kwance ƙarƙashin mota, a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ni da ƙanena da tef da alli. Mun cire tukunyar salansa. Gurbinta yana gaban aksil na baya, tsakanin shasi da sandar farfelar da ke juya tayun baya, kuma turbon ya shiga da ɗan sarari. Na ɗaga shi sama iya yadda zai yiwu, yatsa huɗu tsakaninsa da ƙasan bodi, don kada ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa. Mun loda buhunan gero muka sa yara suka hau suna tsalle, ina kallon inda aksil ke kaiwa in sifirin ya kwanta. Bai taɓa ba.

Abin da ya hana ni barci daren nan baƙin mai ne. A jikin inji, turbo yana sama, kaskon mai yana ƙasa, mai ya shiga ya gama aikinsa ya gangara da kansa. A nan baya kuwa turbon yana daidai da kaskon, ga nisa, babu gangare. Dole sai da famfon da zai tsotso man ya mayar da shi gaba. Kuma abin da ke tare mai a cikin turbo ba roba ba ce irin ta sil, 'yan ringi ne na ƙarfe kamar na fistin. Suna tare feshi, amma in mai ya taru ya cika ɗakin, ta jikinsu zai tsiyaya, wani ya bi salansa, wani ya bi bututun iska.

Alhamis, 26 ga Disamba, 2024

Walda ta kammala, kwana uku a Taura saboda jiran wuta da janareta. Bututun hayaƙi na asali na bari, mun dai toshe duk wata huda, don kowace kafa hayaƙi ya samu ya tsere, ƙarfi ne ya tafi. Filanjin da turbon ke zama a kai daga farantin ƙarfe mai kaurin milimita 10 aka yanko shi, na kai wa masu injin gyaran ƙarfe suka goge fuskarsa ta kwanta sumul. An rataye turbon da ƙarfe biyu a jikin shasi, da roba a tsakani.

Bututun iska mai faɗin inci biyu ne, ya bi ɗaya gefen shasin har ɗakin inji, gaɓa biyar, kowace da tiyo da kilif biyu. Na sa mai walda ya zagaya bakin kowane bututu da ɗan tudun walda, don kada iska ta fizge tiyon. Bakin shaƙar iska kuwa ban yarda ya zauna a ƙasa ba. Wanda ya taɓa bin bayan mota a hanyar burji cikin hunturu ya san abin da tayar baya ke tayarwa, kuma farfelar da ke juyi sama da dubu ɗari a minti, yashi ba zai bar ta ta yi wata guda ba. Na hau da bututun ta bayan kan mota har saitin rufi, na ɗaure gidan filtar a jikin kejin ƙarfe. Sama da turbon mun buga faranti biyu na kwano da sarari a tsakaninsu, saboda ina ɗaukar harawa da kara, kuma bodin akwai ramuka.

Zuwa yau an kashe 188,000.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

An ja layin mai. Na kwance na'urar fitilar mai da ke jikin inji, na sa mahaɗa mai baki uku, na mayar da ita a baki ɗaya, ɗayan kuma na ɗauki siririn bututun ƙarfe irin na birki har zuwa turbo. Na dawowa tiyo ne mai jure mai, ya zo ya zuba ta murfin saman inji. Famfon da ya kamata, mai haƙoran ƙarfe, an ce mini 60,000 da wani abu. Na ga kuɗin sun yi mini yawa, na sayi ƙaramin famfo mai batir irin na wankin mota a 14,000. Na gwada shi da bokitin baƙin mai, ya ja tsaf.

Akwai wani abu da Baba ya tuna mini ta waya, da ba don shi ba da na yi ɓarna: tiyon numfashin inji, wanda ke tasowa daga murfin sama ya shiga hanyar iska. Da can tsotsa ake yi a wurin, yanzu kuwa turi za a dinga yi, iska za ta koma cikin inji ta kumbura shi har sil su fara zubar da mai. Na toshe wancan bakin, na kai tiyon cikin wani gwangwani mai huda a sama.

Ƙofar sakin hayaƙi na gwada ta da famfon keke da geji. Sai wajen 11 take buɗewa, ya yi wa injina yawa. Na canza gwangwanin da ke jan ta da wani mai laushin sifirin, yanzu tana fara motsi a 6.

Bayan la'asar na tayar. Ta kama bugu ɗaya. Babu tukunyar salansa amma ƙarar ba ta kai yadda na zata ba, turbon da kansa yana cinye ta, sai wani siririn fito da ke tashi in na taka. Yaran unguwa suka cika ƙofar gida. Na zagaya da ita fili babu kaya, allurar iska ta taɓa 4. Na ƙara kusan lita guda na baƙin mai, don layukan sun sha nasu.

Juma'a, 17 ga Janairu, 2025

Har yanzu hannuna bai daina rawa ba, amma gara in rubuta tun abin yana sabo.

Da safe muka ɗauki buhu takwas na zoɓo. Tun wajen tayarwa na ga shuɗin hayaƙi ya fi na jiya, na ɗauka sanyin hunturu ne. Mun hau kwalta, na sa giya uku na taka sosai karo na farko da kaya, allura ta hau 5, motar ta miƙe yadda ban taɓa jin ta ba. Na ɗaga ƙafa zan sa huɗu, sai inji ya ƙi sauka. Ƙara ta dinga hawa, ƙafata ba ta kan totur. Na duba madubi, babu titi, babu komai, farin hayaƙi ya rufe bayanmu. Na murɗa makulli na kashe, har na zare shi yana hannuna, inji yana ci gaba da ihu. Ƙanena ya dafa ƙofa yana cewa, "Yaya, mu fita! Yaya, za ta fashe!" Na ce ya zauna. Na taka kuloci na cusa giya biyar, na danne birki da dukkan ƙarfina, na saki kulocin gaba ɗaya. Motar ta yi wata irin girgiza, warin kuloci ya cika mana hanci, sannan ta mutu. Duka abin bai fi daƙiƙa goma ba. Muka zauna shiru, sai innalillahi da ƙanena ke maimaitawa.

Makullin motar gas hanyar gas kaɗai yake rufewa. Injin ba ya da filogi, matsi ne ke kunna masa wuta, kuma duk abin da zai ƙone in ya shigo tare da iska zai ci. Yau baƙin mansa ya samu yana sha.

Da na kwance tiyon da ya fi kowanne ƙasa a bututun iska, mai ya zubo ya kusa cika gwangwanin madara biyu. Famfon kuwa yana ta kuka amma ba ya jan komai. Na buɗe shi a gefen titi: 'yan robobin cikinsa sun kumbura sun yi laushi kamar ƙullun alkaki. A bokiti da mai mai sanyi na gwada shi, shi kuwa man da ke fitowa daga turbo tafasasshe ne. Araha ba ta ado. Ni na zaɓe shi, kuma na san don ruwa aka yi shi.

Janwe muka nema ta kai mu Ringim.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025

Baba bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya cire hita huɗun ya auna matsin kowace silinda, duk sun zo kusa da juna, alhamdu lillahi; da man ya shiga da yawa lokaci guda, da ya lanƙwasa sandar fistin. Faifan kuloci dai ya tafi, 27,000. Da muka gama ya ce, "To, cire shi za ka yi, ko gyarawa?" Na ce gyarawa. Ya ce, "To wannan karon ka fara daga mai, turbo ya zo daga baya."

Haka muka yi, kuma ga yadda tsarin yake yanzu. A ƙasan turbo akwai ɗan tanki da muka yi da tsohon gwangwanin kashe gobara, yana ɗaukar kamar rabin lita, da siririn bututun numfashi da ya hau sama. Mai yana faɗowa cikinsa kai tsaye ta bututu mai faɗi, ba lanƙwasa, sannan famfo ya ja daga gindinsa. Famfon mai haƙoran ƙarfe ne, 62,000, wanda na guje wa tun farko. Yana da fis nasa da rile nasa.

Mun kuma gano laifin ba na famfo kaɗai ba ne. In an kashe mota, man da ke cikin dogon layin nan yana ci gaba da tsiyaya cikin turbo har ya cika shi cikin dare. Shuɗin hayaƙin waccan safiyar ke nan. Mun sa bawul mai hanya ɗaya dab da turbo, mai ɗan sifirin, ba ya buɗewa sai inji ya turo mai da ƙarfi. Wani yaro mai gyaran rediyo ya haɗa mini 'yar na'urar da ke barin famfo ya ci gaba da aiki daƙiƙa 30 bayan an zare makulli, ya kwashe abin da ya rage. A cikin tankin akwai tulluƙi irin na tankin fetur, in mai ya taru ya ɗaga shi, ƙararrawa za ta yi kuka a gaban direba. A wurin da bututun iska ya fi sauka mun huda mun sa noti, kowace safiya zan kwance in gani.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kwantar mini da hankali. Na samo maƙogwaron totur na wata motar fetur a wurin 'yan gwangwan, na dasa shi a bututun iska dab da inji, kullum a buɗe, da wayar cok zuwa gefen sitiyari. In na ja, iska ta yanke, inji ya mutu ko me yake sha. Mun gwada sau uku a tsaye. Duk wanda zai sa wa motar gas turbo a baya, wannan ya fara ɗaurawa kafin komai.

Lissafi ya kai 331,000, har da janwe.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Mako uku ina zirga-zirga kusa da gida, notin bututun iska a bushe kullum. Matsala ɗaya ta fito: da asuba, sanyi ya sa mai ya yi kauri, famfo ya ƙone fis mai lamba 10. Ƙararrawa ta yi aikinta, na kashe nan take. Na duba kaurin wayar, za ta ɗauka, na sa mai 15.

Ma'aunin zafin hayaƙi ya iso, na huda manifol na dasa masa hancinsa a wurin, ba a baya ba, don zafin da ke fita daga silinda nake son sani. Na naɗe bututun salansa tun daga gaba har turbo da ƙyallen zaren gilashi, na ɗaure da waya. Bambancin a fili yake: da sai na kai gudun 50 a giya uku allura ke motsi, yanzu tun 40 take tashi. Da shi kuɗin da na ware suka ƙare, har na ɗora 9,000 daga aljihu.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Azumi, ba a yi wani aiki ba. Na dai je wurin mai gyaran injekta da safe, ya buɗe notin gas kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ba ƙari. Ya so ya ƙara, wai motar za ta tashi sama, na ce a bar shi haka. Famfon injekta na wannan injin bai san akwai turbo ba, duk abin da aka buɗe masa zai zuba ko iska ta zo ko ba ta zo ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, 2025

Yau aka yi gwajin gaske. Wani maƙwabcinmu ya ɗauke ni haya zuwa kasuwar Maigatari, muka tafi da buhunan dusa da gero, muka dawo da tumaki, cikin zafin da ko tsuntsu ba ya tashi. Daga Gujungu zuwa Gumel na riƙe ta a giya biyar, iska tana tsakanin 5 da 6, zafin hayaƙi yana wasa a digiri 480 zuwa 520. Sau ɗaya, wajen wuce wata tirela, ya doshi 600, iyakar da na sa wa kaina, na sassauta ƙafa ya sauko nan da nan. Allurar ruwa ba ta bar wurinta ba. Da muka tsaya a Gumel shan ruwa na taɓa bututun iska: kusa da turbo ba ya taɓuwa, a ɗakin inji kuwa na riƙe shi da tafin hannu. Tsawon bututun nan da ke jawo jinkirin zuwan iska shi ne kuma ke sanyaya iskar a hanya, ba tare da na sayi wata na'urar sanyayawa ba.

Hayaƙi ya washe. Da kaya, a kan kwalta, ba na ganin komai a madubi sai ɗan toka-toka lokacin da na fara takawa. Gas kuwa ba zan ce ya ragu sosai ba. Na cika tanki na auna zuwa da dawowa, abin da ta sha ya yi kusa da na da, sai dai tafiyar ta fi sauri kuma ban sauko giya huɗu ba sai a cikin gari.

Yashin bayan gari shi ne ya koya mini abin da ban zata ba. Na shige shi yadda na saba, a hankali a giya biyu, sai na ji motar nan tawa ta da, babu wani turbo. In inji bai ɗau zafi da juyi ba, hayaƙin da ke isa baya ba shi da ƙarfin juya komai, kuma tsakanin taka totur da zuwan iska akwai kamar numfashi biyu. A cikin yashi numfashi biyu ya isa taya ta nutse. Na ja da baya, na rage iskar tayun baya, na taho tun daga nesa da inji a sama, fiton yana tashi kafin in shiga. Ta ratsa shi ba tare da an sauke ko tunkiya ɗaya ba. Gaskiyar magana, rage iskar tayar nan ta yi rabin aikin. Da na samu lafiyayyen manifol tun farko, turbo a jikin inji ya fi dacewa da mai fama da yashi, domin yana amsawa da wuri. Na baya na mai doguwar hanya ne da kaya.

Ɗabi'a ɗaya na ɗora wa kaina da ƙanena: in an dawo daga tafiya, a bar ta ta yi minti biyu tana aiki a tsaye kafin a kashe. In aka kashe da zafi, man da ke kan sandar turbo soyuwa yake ya zama gawayi.

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Damina ta kankama, kuma ta zo da nata. Ranar Laraba na kai taki gona, hanyar ta ratsa wani kwari da ruwa ya kwanta har gwiwa. Na tsaya a bakinsa kusan minti goma turbon ya huce, don ƙarfen da ya yi ja in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake, ga kuma waccan 'yar tsagar da na saye shi da ita. Mun wuce lafiya, iska daga sama take shiga. Amma famfon mai ya yi wanka da taɓo, washegari ya fara wani gurnani. Na kwance shi na wanke, na busar, na shafe mahaɗan waya da girisi. Ya dawo daidai, sai dai wurin zamansa bai yi ba. Ƙyallen da na naɗe salansa da shi ma yana riƙe ruwa, na ga tsatsa ta fara cin bututun a ƙarƙashinsa.

Yau kuma da na shiga ƙasa duba noti, na ga baƙin zane na hayaƙi a jikin waldar da ke gaban filanji. Ta tsage kusan rabin zagaye. Inji yana rawa a kan kujerunsa, turbo kuwa a ɗaure yake da shasi, babu abin da ke shanye motsin a tsakani. Shi ya sa kwana biyun nan allura ba ta wuce 4. Ana buƙatar gaɓa mai lanƙwasa, irin mai saƙar waya, a sa ta bayan manifol. Na yi waya Ƙofar Ruwa an ce akwai, 12,000.

Na yi alli a jikin shasi inda famfon zai koma, taƙi ɗaya sama da inda yake, cikin akwatin kwano mai murfi. Sai na gwada ko zai iya tsotso mai daga wannan tsayin in layin ya bushe, kuma wannan karon da tafasasshen mai zan gwada, a tukunya a kan murhu. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Kano da motar haya, ita kuma tana nan a ƙarƙashin darbejiya, na cire mata kan batir.